Me ya sa kare ke jan gindi a ƙasa, kuma ta yaya za a taimaka masa?

Duk wanda ya taɓa ajiye kare, ko don gadin gida, ko farauta, ko tsaron garke, da wuya a ce bai taɓa ganinsa ya zauna daram, ya ɗaga ƙafafun baya, yana jan jiki da na gaba, gindinsa na gogar ƙasa ba.

Yara kan fashe da dariya idan sun ga haka, manya kuma su daka masa tsawa ko su bi shi da jifa, musamman idan a kan tabarma ko dandamalin siminti ya yi. Sai dai likitocin dabbobi sun ce wannan ɗabi'a kuka ce karen ke kaiwa. Wani abu ne ke yi masa ƙaiƙayi ko zafi a ƙarƙashin wutsiya, kuma da yake ba shi da hannun susa, dabara biyu kawai ta rage masa: ko ya juya ya lasa ya ciza, ko ya goga wurin a ƙasa.

Idan sau ɗaya ya yi bayan ya gama kashi, sannan ya tashi ya ci gaba da harkarsa, babu abin damuwa. Amma idan abin ya zama na kullum, to akwai dalili, kuma wani lokaci dalilin kan shafi lafiyar mutanen gidan su ma, musamman ƙananan yara.

Jakunkuna biyu a ƙarƙashin wutsiya

Mutane da dama kan ce basir ne ke damun karen, wasu kuma su ce tsutsar ciki ce irin wadda ke sa yara susa da dare. Basir irin na ɗan Adam ba cuta ce da aka san karnuka da ita ba, kuma siririyar tsutsar nan da ke hana yara barci ba ta rayuwa a cikin kare.

Babban dalilin da likitoci suka fi cin karo da shi shi ne wasu 'yan jakunkuna guda biyu da kowane kare ke da su, namiji ko mace, a gefe da gefen dubura. Idan aka ɗauki duburar tamkar fuskar agogo, ɗaya tana wajen ƙarfe 4, ɗayar kuma wajen ƙarfe 8. Suna ɓoye ne a tsakanin tsokokin da ke tsuke duburar, saboda haka ba a ganinsu daga waje. A ƙaramin kare girmansu bai wuce ƙwayar wake ba, a babba kuwa sukan ɗan fi haka. Kowace jaka tana da siririyar kafa da ke buɗewa a bakin dubura.

A cikin jakunkunan ne wani ruwa mai maiƙo ke taruwa, launinsa daga rawaya-rawaya zuwa ruwan ƙasa, warinsa kuwa kamar na ruɓaɓɓen kifi. Dabbobi masu cin nama da dama suna da irin waɗannan jakunkuna. Bodari, wanda Bahaushe ya san shi da mugun wari, daga irinsu ne yake fesa ruwan da yake korar abokan gaba da shi.

Shi kare ba makami ba ne a wurinsa, shaida ce. Warin ruwan ya bambanta daga wannan kare zuwa wancan, shi ya sa idan karnuka biyu suka haɗu sukan fara da sansanar bayan juna. A duk lokacin da kare ya yi kashi mai ɗan tauri, kashin kan matse jakunkunan yayin fita, ɗan ruwan ya biyo shi. Haka kuma idan kare ya firgita ƙwarai, tsokokin kan matse da ƙarfi, ruwan ya tsarto gaba ɗaya.

Yadda matsalar ke farawa

Matsala na tasowa ne idan jakunkunan suka daina zubar da abin da ke cikinsu. Gudawa ta kwana da kwanaki tana cikin abubuwan da ake dangantawa da hakan, domin kashi mai ruwa ba ya matse komai. Ƙiba ma haka, kazalika cututtukan fata masu sa kumburi, waɗanda kan tsuke kafar da ruwan ke bi.

Likitoci sun kasa ciwon gida uku, kuma ɗaya ne ke haifar da ɗaya.

Matakin farko shi ne toshewa. Ruwan ya daɗe a ciki, ya yi kauri har ya koma kamar tunkuza, jakar ta cika ta yi tam. A nan ne kare ke fara jan gindi da yawan lasar wurin, wani lokaci ya zabura ya juya kamar wani abu ya cije shi.

Mataki na biyu shi ne kumburi. Ƙwayoyin cuta sun samu wurin zama, ruwan ya gauraya da mugunya ko jini, warin ya ƙaru. Karen kan yi nishi ko kuka wajen kashi, ya ƙi zama sosai, ya ƙi yarda a taɓa masa wutsiya.

Mataki na uku shi ne maruru. Gefe ɗaya na duburar ya kumbura, ya yi ja, ya yi zafi, daga bisani ya fashe ta cikin fata, ya bar rami yana zubar da jini da mugunya. Masu karnuka da yawa sai a wannan mataki suke lura, su ɗauka cizo ne ko sara, alhali makonni ke nan karen yana nuna alama.

Wani bincike da Kwalejin Likitancin Dabbobi ta Royal da ke London ta wallafa a shekarar 2021, wanda ya duba bayanan karnuka fiye da 100,000 da aka kai asibitocin dabbobi a Birtaniya a shekarar 2013, ya gano cewa kashi 4.4 cikin 100 sun yi fama da ciwon waɗannan jakunkuna a cikin shekara guda. Ƙananan karnuka irin na ado su ne suka fi kamuwa, yayin da manya, ciki har da karen Jamus da aka fi sani da Alsatian a Najeriya, ba su cika samunsa ba.

Tsila da ƙuma

Dalili na biyu shi ne tsila, wato doguwar tsutsar nan mai faɗi, mai gaɓa-gaɓa, da ke zama a cikin hanji. Ga karen da ke yawo a unguwa, yana kwana a turɓaya, yana cuɗanya da wasu karnuka, wannan dalili ne da ya kamata a fara tunawa da shi.

Nau'in da ya fi yawa a karnuka shi ne wanda masana ke kira Dipylidium caninum, kuma tsawonsa kan kai rabin mita. Tsutsar na maƙale da kanta a bangon hanji, gaɓoɓinta na ƙarshe kuma, waɗanda ke cike da ƙwai, suna tsinkewa ɗaya bayan ɗaya su fito. Suna iya rarrafowa da kansu ta dubura, kuma motsin nasu na sa ƙaiƙayi. Idan sabbi ne za a gan su farare suna miƙewa suna tsukewa a kan kashi ko a gashin ƙarƙashin wutsiya. Idan sun bushe sai su koma kamar ƙwayar shinkafa ko riɗi a inda karen ke kwanciya.

Abin lura shi ne, kare ba ya ɗaukar wannan tsila kai tsaye daga kashin ɗan'uwansa. Sai ta bi ta cikin ƙuma. 'Ya'yan ƙuma da ke rayuwa a ƙasa su ne ke cin ƙwan tsilar, ya ci gaba da girma a cikinsu. Idan ƙumar ta girma ta hau kare, shi kuma garin cizon inda take yi masa ƙaiƙayi ya haɗiye ta, cikin makonni 2 zuwa 3 sabuwar tsila ta kama zuba ƙwai a hanjinsa.

Ma'anar haka ita ce, wanda ya ba karensa maganin tsila bai kashe ƙuma ba, aikin baban giwa ya yi, domin kafin wata ya zagayo tsutsar ta dawo.

Akwai kuma wasu nau'o'in tsila da kare ke samu ta hanyar cin ɗanyen kayan cikin tumaki da awaki, ko mushe, ko zomon daji da ɓera. Karnukan mafarauta da na makiyaya da waɗanda ke kewaya mayanka su ne suka fi fuskantar wannan.

Abin da ya shafi mutanen gida

Tsilar da ƙuma ke yaɗawa tana iya kama mutum, ko da yake ba kasafai ba. Akasari yara ne masu rarrafe, waɗanda kan haɗiye ƙumar bisa kuskure yayin wasa a ƙasa. Ba ta cika yin mummunar illa ba, kuma tana jin magani.

Wadda ta fi haɗari ita ce wadda ba a gani. Akwai wata 'yar ƙaramar tsila mai suna Echinococcus granulosus, wadda tsawonta bai wuce 'yan milimitoci ba. Kare na samunta ne idan ya ci hanta ko huhun dabbar da ke da ƙullutu masu ruwa a jiki, irin waɗanda mahauta kan yanke su yar. Shi karen ba ya nuna alamar ciwo, amma ƙwan tsutsar na fita a kashinsa, ya maƙale a gashinsa, ya watsu a tsakar gida. Idan mutum ya haɗiye ƙwan ta hanyar hannu ko abinci ko ruwa, ƙullutu mai ruwa kan tsiro masa a hanta ko huhu, ya yi shekaru yana girma kafin a gane, kuma sau da yawa sai an yi tiyata.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutane fiye da miliyan 1 ne ke ɗauke da cutar da wannan dangin tsutsa ke haddasawa, kuma ta fi yawa a yankunan da ake kiwon tumaki tare da karnuka. Daga cikin matakan da hukumar ta ba da shawara akwai ba karnuka maganin tsila aƙalla sau 4 a shekara, da kuma hana su cin kayan cikin da ke da cuta. Wannan abin tunawa ne musamman lokacin Babbar Sallah, inda ake yanka a kusan kowane gida. Duk hanta ko huhun da aka ga ƙullutu a jikinsa, a ƙone shi ko a binne shi da zurfi, kada a jefa wa kare.

Ta fuskar tsarki kuwa, a mazhabar Malikiyya da akasarin Musulmin Afirka ta Yamma ke bi, jikin kare mai rai ba najasa ba ne, amma kashinsa najasa ne. Saboda haka inda ya goga gindinsa, tabarma ce ko darduma ko siminti, wanke shi da ruwa da sabulu ya dace da addini, ya kuma dace da kiwon lafiya.

Sauran dalilai

Wani lokaci dalilin a fili yake. Kashi ne ya bushe a gashi bayan gudawa, ko ƙarangiya ta maƙale, ko kaska ta kafe a gindin wutsiya, ko wani zare ko leda da karen ya haɗiye ta fito rabi. Irin wannan zare ba a fizgo shi da ƙarfi, domin sauransa na iya kasancewa a naɗe a cikin hanji. A yanke abin da ya fito da almakashi, a kai shi wurin likita.

A yankunanmu akwai kuma wani ƙuda da ke zuba ƙwai a yashin da fitsari ko kashi ya jiƙa. Tsutsarsa kan huda fatar karen da ya kwanta a wurin, ta yi ƙurji mai ɗan rami a tsakiya. 'Yan kwikwiyo sun fi fama da ita.

Wasu karnukan jikinsu ne ba ya jituwa da cizon ƙuma ko wani nau'in abinci. Irin waɗannan za a ga suna susar kunne, suna lasar tafin ƙafa, gashin gadon bayansu kusa da wutsiya yana zubewa. A karya kuma, ciwon da ke gabanta na iya sa ta jan gindi.

Akwai dalilai uku masu nauyi da ya kamata a sani. Na ɗaya, fitowar dubura, inda za a ga wani jan nama ya leƙo waje, galibi a ɗan kwikwiyon da gudawa ko tsutsa ta sa shi yawan yunƙuri. Na biyu, wasu gyambuna masu rami da ke kewaye dubura ba sa warkewa, waɗanda karen Jamus ya fi kowane kare samu. Na uku, ciwon daji na jakunkunan, wanda ke kama tsofaffin karnuka. Alamarsa ƙullutu ne mai tauri a gefe ɗaya, wani lokaci tare da yawan shan ruwa da yawan fitsari.

Yadda za a taimaka

Matakin farko shi ne dubawa, amma da hattara. Kare mai jin zafi kan ciji ko da ubangidansa ne. A sa masa takunkumi, ko a ɗaure bakinsa da tsumma mai laushi na ɗan lokaci, wani ya riƙe shi, a sa safar hannu ta roba, sannan a ɗaga wutsiyar a hankali a wuri mai haske. Kada a sa yara wannan aiki. Karen da ba a san mai shi ba, ko wanda halinsa ya sauya ba zato, yana dalala ko yana kai cizo ba dalili, kada a kusance shi sam, domin gudun ciwon haukan kare. Wanda tsautsayi ya sa aka cije shi, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15, ya tafi asibiti a ranar.

Idan ƙazanta ce ko ƙarangiya, a wanke da ruwan ɗumi, a rage gashin wurin, a tsane shi da kyau.

Idan an ga abu kamar shinkafa, tsila ce. Maganinta shi ne firazikwantel, wato irin sinadarin da ake ba 'yan makaranta domin cutar tsargiya, amma akwai wanda aka yi musamman domin karnuka, kuma gwargwadon nauyin kare ake auna shi. Ya kamata a sani cewa ba kowane maganin tsutsa ne ke kashe tsila ba. Allurar aibamektin da makiyaya suka saba da ita ba ta taɓa ta, haka ma fiferazin.

Tare da wannan sai a yaƙi ƙuma. Akwai magungunan da ake ɗiga wa kare a ƙeya, da na fesawa, da ƙwayoyin da ake ba shi ya tauna. Amma mafi yawan ƙumar gida ba a jikin kare take ba, tana ƙasa a matsayin ƙwai da 'ya'ya. Don haka a riƙa share makwancinsa, a wanke buhu ko tsumman da yake kwana a kai da ruwan zafi, a shanya a rana, a kuma yi wa sauran karnuka da kyanwoyin gidan magani lokaci guda, kowa da irin nasa, domin wasu magungunan kare guba ne ga kyanwa.

Idan ba a ga komai ba sai wari da yawan lasa, to zargi ya koma kan jakunkunan. Likita kan sa yatsa cikin safar hannu da man shafawa ya matse kowace jaka har ta zubar da abin da ke ciki, aikin da ba ya ɗaukar fiye da 'yan mintoci, kuma sau da yawa karen kan samu sauƙi cikin kwana ɗaya ko biyu. Wanda bai ƙware ba kada ya gwada, domin matsa ta ganganci kan ƙara kumburi, ko ta fasa jakar a ciki. Wanda karensa ke yawan samun matsalar yana iya roƙon likita ya koya masa. Shi kuwa kare mai lafiya ba ya bukatar a riƙa matse masa.

Idan akwai mugunya, likita kan wanke cikin jakar ya zuba magani, wani lokaci ya haɗa da na sha da na rage zafi. Maruru kan bukaci a tsaga shi a wanke. Kafin a isa asibiti, ana iya dafa wurin da tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan ɗumi na minti 5 zuwa 10, a kuma kare shi daga ƙuda, domin ciwon da ke buɗe a lokacin zafi ba ya daɗewa yake yin tsutsa. Idan ciwon ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, akan cire jakunkunan ta hanyar tiyata. Kare na rayuwa lafiya ba tare da su ba, sai dai aikin na bukatar gwani, saboda kusancinsu da jijiyoyin da ke riƙe kashi.

Abinci da abubuwan da za a guje wa

Tun da kashi mai kyau ne ke matse jakunkunan, gyaran abinci rabin magani ne. Ragowar tuwo da miya mai yawan barkono da mai kan sa kare gudawa, albasa da tafarnuwa kuwa suna lalata masa jini. Yawan ƙasusuwa kan busar da ciki har kashi ya gagara. Ɗan dafaffen kabewa da ba a sa masa gishiri ko yaji ba, cokali ɗaya zuwa uku gwargwadon girman kare, yana taimakawa wajen daidaita kashi. A dafa nama da kayan ciki kafin a ba shi, a ajiye masa ruwa mai tsabta, a kuma sake shi ya motsa jiki, domin karen da ke ɗaure dare da rana shi ne ke tara ƙiba.

Kada a shafa baƙin mai, ko kananzir, ko fiya-fiya, ko maganin feshin gona a wurin. Suna ƙona fata, kuma da yake kare lasa yake yi, gubar cikinsa za ta tafi. Kada kuma a ba shi maganin ciwon jiki na mutane. Ibufurofen da diklofenak kan yi wa kare gyambon ciki su lalata ƙoda, farasitamol kuma idan ya yi yawa yana illa ga hanta. Duka da tsawa ba sa hana jan gindi, sai dai su sa karen ya riƙa ɓuya, ciwon ya yi nisa ba a sani ba.

Yaushe ne za a garzaya asibiti?

A kai kare wurin likita ba tare da jinkiri ba idan an ga jini ko mugunya, ko kumburi a gefen dubura, ko ƙullutu mai tauri, ko yana yunƙurin kashi ba ya fita, ko ya daina cin abinci. Idan dubura ce ta fito, a rufe ta da tsumma mai tsabta da aka jiƙa, kada a bari ta bushe, a tafi nan take. Idan babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, amma jan gindin ya wuce kwana 2 ko 3, shi ma ya isa dalilin zuwa.

Akwai asibitocin dabbobi na gwamnati a manyan biranen jihohi, akwai kuma asibitocin koyarwa na likitancin dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, da Jami'ar Maiduguri. Idan za a je, yana da kyau a tafi da ɗan kashin karen na ranar a cikin leda, ko 'yan ƙwayoyin nan masu kama da shinkafa idan an gan su, domin su ne za su nuna wa likita irin tsutsar. A yi amfani da wannan dama kuma a yi masa allurar rigakafin haukan kare, idan lokacinta ya yi.